Zare: Furodusoshin Rigasa, ku daina kashe wa yara murya tun daga bakin ƙofa

1/
Zaren nan mai tsawo ne, kuma na san wasu za su ji haushi. Furodusoshin Rigasa, yau da ku nake. Waƙoƙi da yawa da ke fitowa daga ƙananan situdiyonmu tun kafin a zo miksin sun riga sun mutu. A ƙofar shiga ake kashe su: tsakanin maik, saun kad da kwamfuta. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/
Duk wanda ya san Rigasa ya san gari ce guda a cikin garin Kaduna. Daga Bakin Ruwa har tashar jirgin ƙasa, ka bi ta Makarfi Road, ka leƙa Daura Road, ka shiga Hayin Malam Bello, matasa ne kamar ƙasa. Inda matasa suka taru haka kuwa, dole a samu masu murya da masu fasaha.

3/
Kuma ba mawaƙan soyayya da 'yan hip-hop kaɗai ke shiga situdiyo ba. Akwai sha'irai masu bege, 'yan Islamiyya masu waƙar walima, masu waƙar siyasa, masu tallan kaya, masu karanta littattafan Hausa a YouTube. Kowa da muryarsa yake zuwa, kowa da kuɗinsa a hannu.

4/
Yaro ya yi wata biyu yana jan Keke ko yana kan keken ɗinki, ya tara kuɗi, ya biya. A ba shi waƙa muryarsa na ƙara kamar ana buga fasasshen gwangwani. Ya yi magana a ce masa "kai ne ba ka da murya." Ya koma gida ya haƙura da waƙa gabaɗaya. Wannan zalunci ne, ko da gangan aka yi ko da rashin sani.

5/
Mu fara daga tushe. Murya girgizar iska ce. Maik yana mayar da girgizar ta zama 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Ita kuma kwamfuta lamba kawai ta sani. Saun kad shi ne tafintan da ke tsakani: ya ƙara wa wutar ƙarfi, ya auna ta, ya mayar da ita lambobi, ya miƙa wa manhaja.

6/
Su FL Studio, Cubase, Reaper da Pro Tools duk magatakarda ne. Abin da tafinta ya faɗa musu shi suke rubutawa. In tafinta ya kwaɓa, magatakarda zai rubuta kwaɓar da kyakkyawan rubutu, shi ke nan. Amma kullum gardamarmu a kan wace manhaja ta fi, ba mai tambayar yadda aka shigo da muryar.

7/
Sau nawa saun kad ke auna murya? Faifan CD da Sony da Philips suka fitar a 1982 sau 44,100 ne a kowane sakan. A harkar fim da bidiyo kuma 48,000 ake amfani da shi. Dalili: kunnen mutum yana ji har wajen girgiza 20,000 a sakan, kuma ƙa'ida ita ce a auna fiye da ninki biyun abin da ake son kamawa.

8/
To in ka san waƙar bidiyo za a yi mata, ka saita 48,000 tun farko, a saun kad da manhaja duka. In aka yi sakaci aka ɗauka a 44,100 aka kunna a matsayin 48,000, waƙar za ta ƙara sauri, muryar ta ƙara tsini. Sai a zo bidiyo leɓe na gabas murya na yamma, a ɗora wa mai kyamara laifi.

9/
Sai zurfin awon, wato bit. Bit 16 yana ba ka faɗin desibel 96 tsakanin shiru da ƙololuwar ƙara. Bit 24 yana ba ka 144 a lissafi. Ma'ana, da bit 24 kana da fili kamar filin idi. Ba ka da wata hujjar matse murya har ta bugi rufi. Ku riƙe wannan, don nan laifi na farko yake.

10/
LAIFI NA FARKO: jar wuta.
A rikodin na kwamfuta akwai rufi, lamba 0 a saman ma'auni. Babu komai a samanta. Murya ta wuce nan, saun kad ya datse kanta ya zubar. Jar fitilar nan da ke ƙyaftawa a jikin saun kad ihu take maka: tsaya, kana yanka!

11/
Kamar tela ne ya datse maka shadda ta yi gajere. Ya kai ta wajen bugu, ya zuba mata aikin zare na dubban nairori, ya fesa turare. Rigar dai gajera ce. Haka muryar da ta fashe a shiga take. Akwai manhajojin da ke yin faci, amma faci sunansa faci, abin da aka zubar ya tafi.

12/
Daga ina ɗabi'ar ta samo asali? Daga zamanin kaset. Kaset yana da shuuu ɗinsa, dole a ɗauka da ƙarfi don murya ta rinjaye shi, kuma in an ɗan wuce iyaka a hankali yake lanƙwasa sautin. Kwamfuta ba ta da wannan kawaicin. Mun bar kaset shekara da shekaru, amma hannunmu bai bar al'adarsa ba.

13/
Gyaran ko sisi ba ya ci. Kafin ka danna rikodin, ka ce mawaƙi ya rera baitin da ya fi ɗaga murya a ciki. Ka murɗa gein ƙasa har ƙololuwar ta tsaya tsakanin -12 da -6. In ta yi maka ƙasa a kunne, ƙara sautin hedfon. Kada ka taɓa gein. Minti ɗaya ne wallahi.

14/
Masu cewa "ai so ake ta yi ƙara": ƙara aikin ƙarshe ne, a mastarin. Kuma Spotify da YouTube suna rage wa duk waƙar da ta cika ƙara sauti don ta daidaita da sauran. Ka fasa murya don neman ƙara, su kuma su rage ƙarar. Ba tsuntsu ba tarko, sai fashewar kawai ta rage.

15/
LAIFI NA BIYU: ramin maik na jikin laftof.
Kowace laftof tana da ɗan saun kad ɗinta a ciki, gaskiya ne. Amma don kiran bidiyo da taro aka yi shi. Yana zaune ne kusa da fanka da batir da sauran kayan wuta, duk tsiwarsu yana kwasa. Ga Windows na iya shafa masa nata gyare-gyaren ba tare da ka sani ba.

16/
Gwada da kanka. Soka maik a ramin nan, sa hedfon, ƙara sauti, yi shiru. Za ka ji shuuu, wani lokacin har da tsiii. Zare cajar laftof ɗin ka sake saurare. In ƙarar ta ragu, to ka kama ɓarawo. Wanda ke karɓar kuɗin mutane yana ɗaukar murya ta wannan ramin, ya ji tsoron Allah.

17/
Sai ɗan akwatin nan V8 da ya cika kasuwa, mai maɓallan tafi da dariya, wanda ake haɗa shi da maik BM-800. Shi ma ana kiransa saun kad, shi ya sa ake ruɗuwa. Don yin layif a TikTok aka yi shi, kuma a can yana aikinsa, ba mai ja.

18/
Amma V8 yana gasa eko a cikin muryar tun kafin ta isa kwamfuta. Gishiri ne da aka riga aka zuba a miya, ba ka tsame shi. Ka sayi V8 don hira da mabiyanka, ba laifi. Ka kafa allo ka rubuta "situdiyo" kana cajin mutane da shi, a nan ne za mu ɓata.

19/
Saun kad na aiki ana gane shi da abu biyar: ramin XLR mai ƙafa uku, abin murɗa gein, maɓallin 48V, hanyar jin murya kai tsaye, da direban ASIO nasa na kansa. Irin su Focusrite Scarlett Solo da Behringer UMC202HD duk suna da su. Ba talla nake ba, ba wanda ya biya ni. Misali ne kawai.

20/
Maɓallin 48V na maik kondensa ne, ba ya aiki sai da wutar. Shi kondensa kunnensa kamar na zomo, har kukan akuyar maƙwabta yana ɗauka. A unguwa mai hayaniya sau da yawa maik dainamik ya fi rufa asiri, irin Shure SM58 da ake yi tun 1966. Sai dai a kula, jabunsa sun yi yawa a kasuwa.

21/
LAIFI NA UKU: wuta.
Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan. In wayoyi ba su da kyau ko ginin ba a yi masa wayar ƙasa ba, wannan juyin yana shiga rikodin ya zama huuum a ƙarƙashin murya. A sifikar waya ba ka ji sosai. Sa ta a mota ko a sifikar biki, sai ka ji kamar ƙudan zuma sun yi sansani.

22/
Wayar XLR dabara gare ta. Saƙo biyu take ɗauka, ɗaya a miƙe ɗaya a kife. Duk ƙazantar da ta shiga a hanya tana shiga dukansu daidai, da sun isa saun kad sai a juya ɗaya, ƙazantar ta cinye kanta. Shi ya sa wayar da aka yi wa ɗaure-ɗaure da salatif ba ta da gurbi a situdiyo.

23/
Kada ka shimfiɗa wayar maik tare da wayar wuta kamar tagwaye. In dole su haɗu, su gitta juna. Kuma don Allah kada wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta fulogi don huuum ya tafi. Ƙafar nan ita ke tsare ranka ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfe. Waƙa ba ta kai rai ba.

24/
Ga dabarar da ta dace da mu: yawancin ƙananan saun kad daga USB suke shan wuta. To ka cika batirin laftof, lokacin ɗaukar murya ka kashe janareta, ka zare caja. Ƙarar inji ta tafi, ƙazantar wutarsa ta tafi, ka kuma huta da sayen fetur. Ka kunna shi lokacin miksin.

25/
"Ai zan cire ƙarar da fulogin." Na ji. Manhajar cire hayaniya ba ta san iyakar murya da ƙarar janareta daidai ba, tare take yankar su. Ka matsa mata sosai, mawaƙi ya koma kamar yana waƙa a cikin randa. Duk kun san sautin da nake nufi, kun sha jin sa a sitatus.

26/
LAIFI NA HUƊU: ɗaki.
Shago ne na bulo, ƙasa siminti ko tayil, sama kwano, ƙofa ta ƙarfe. Murya ta fita ta bugi bango ta dawo ta shiga maik a makare. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. In ka ji wani ƙyarrr ya biyo baya, wannan ƙyarrr ɗin yana cikin kowace waƙa da ka taɓa ɗauka a nan.

27/
Sai maganar kiret ɗin ƙwai da ake mannawa a bango. Haba jama'a! Kwali ne siriri. Ba ya hana ƙarar waje shigowa, kuma abin da yake sha na amsa-kuwwa kaɗan ne. Ga tara ƙura, ga kyankyasai, ga saurin kama wuta. Kama da soson situdiyo kawai ya yi a hoto, kuma kama da wane ba ta wane.

28/
Abin da ke aiki yana gidanku: katifa, bargo mai kauri, labule, dadduma ko kafet a ƙasa. Jingina katifa a bayan mawaƙi, don gaban maik can yake kallo. Rataya bargo a gefe da gefe. Kada a tsaya a lungu, kada a manne da bango. Sake tafa hannu ka ji bambanci.

29/
Kuma a san lokaci. Rigasa ba ta shiru da rana: hon ɗin Keke, babura, injin markaɗe, masu walda, ga jirgin Abuja da ke shigowa tasha tun da aka buɗe layin a 2016. Da damina ruwa na dukan kwano. Ka san sa'o'in da layinku ke lafawa, ka sa ɗaukar murya a nan. Fanka ma a kashe ta, a yi haƙuri da zufar minti biyar.

30/
Tazara tsakanin baki da maik: kamar taƙi guda. Ka manne da shi, murya ta yi kumburi, duk "f" da "b" su zama bom. Ka yi nisa, ɗaki ya fi ka fitowa. Ragar tare iska ko ba ka da ta kanti, safa siririya a kan zoben waya tana yi.

31/
LAIFI NA BIYAR: jinkiri.
Murya ta shiga saun kad, ta je kwamfuta, ta dawo hedfon. Tafiyar nan tana cin lokaci. In ya yi yawa, mawaƙi yana jin kansa a makare, kamar mai waya da layi marar kyau. Dole ya riƙa tuntuɓe. Sai furodusa ya ɗaga kai ya ce "ba ka iya bin kiɗa ba."

32/
Lissafin a fili yake. Kwamfuta tana karɓar sauti ne ƙunshi-ƙunshi, shi ake kira bafa. Bafa 128 a kan 48,000 bai kai milisakan 3 ba. Bafa 1024 ya haura milisakan 21, kuma wannan zuwa ne kawai, ban da dawowa. Lokacin ɗauka ka sa 128 ko 256. Lokacin miksin ka mayar 1024 kwamfuta ta sarara.

33/
Ka sa direban ASIO na saun kad ɗinka. Kamfanin Steinberg mai Cubase ne ya ƙirƙiro tsarin don sauti ya bi gajeriyar hanya. In kwamfutar ta tsufa, danna maɓallin jin murya kai tsaye, mawaƙi ya ji kansa tun kafin sautin ya shiga manhaja. Hedfon na Bluetooth kuwa a ajiye shi, jinkirinsa ya fi na kowa.

34/
Masu fiyano, ku ma ku matso. Tun zamanin finafinai irin su Sangaya a ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama uban kiɗan waƙoƙinmu. Sautin da ke fita daga fiyano ya fi na maik ƙarfi nesa ba kusa ba. Ka tura shi ta hanyar maik da gein a sama, ya fashe. Ramin layin aka tanadar masa.

35/
Kuma in fiyanon yana da MIDI, ka ɗauke shi tare da sautin. MIDI rubutun abin da yatsunka suka danna ne. Gobe mawaƙi ya ce kiɗan ya yi masa sama, ka sauke shi da dannawa biyu, ba sai an sake bugawa daga farko ba, ba sai an sake cajinsa ba.

36/
Yanzu Auto-Tune, gwanin kowa. Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya ƙirƙiro shi, ya fito a 1997, waƙar Believe ta Cher ta sa duniya ta san shi a 1998. Ba ni da faɗa da shi, salo ne, kuma ya zauna a waƙar Hausa. Aikinsa ɗaya ne tak: daidaita hawa da saukar murya.

37/
Ba ya ɗinke muryar da ta fashe, ba ya korar janareta. Hasali ma sai ya samu murya ɗaya tsaf yake gane inda take. In kiɗa na zubowa daga sifika yana shiga maik, ko huuum na ƙasa, sai ya rikice ya riƙa karkarwa. A kashe sifika lokacin ɗauka, a sa hedfon mai rufe kunne.

38/
Eko kuma a ɗauki murya busasshiya, a zuba shi daga baya daidai misali. Mu Hausawa kalma muke bi a waƙa, baiti muke haddacewa. Harshenmu ɗan bambanci kaɗan ke juya ma'ana: kura da ƙura, bata da ɓata, kafa da ƙafa. Ka nutsar da murya a eko, ka haɗiye waɗannan haruffan, me ya rage?

39/
Abin ya fi ciwo a wajen sha'irai da 'yan Islamiyya. Yara sun yi makonni suna gyara baitoci, malami ya tsaya a kan kowane harafi, a zo a naɗa, a zuba eko kamar ana magana a cikin rijiya. Iyaye su karɓa su yi ta yaɗawa don ƙauna, amma ba mai iya faɗa maka abin da aka ce.

40/
Na san amsar da ke zuwa: "Malam, talauci ne. Ka san farashin kaya da tsadar dala kuwa?" Na sani sarai, kuma ban raina wahalar kowa ba. Amma ku ƙirga da ni. Rage gein, nawa ne? Zare caja? Kashe fanka? Jingina katifa? Canza bafa? Kyauta ne duka. Abin da ya fi ɓata mana aiki ba a kasuwa ake sayen maganinsa ba.

41/
A garin nan aka kafa gidan rediyon Arewa a 1962, wanda ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna. Mutanen wancan zamanin da tef suke aiki, ba su da maɓallin komawa baya. Amma ɗauko tsofaffin faifan Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo ko Ɗan Maraya Jos, da yawansu kalma ba ta ɓace maka. Sun san inda ake ajiye maik, sun san iyakar allura.

42/
Laftof ɗin da ke gabanka ta fi duk injinan da suka taɓa gani iko. Kai kana da damar ɗauka sau hamsin ka zaɓi ɗaya. To in aikinka bai kai nasu fitowa ba, kada ka ɗora wa dala. Su sun koyi sana'ar a hannun na gaba da su. Mu kuwa an sauke manhaja ranar Litinin, ranar Juma'a an zama "Oga Furodusa."

43/
A waje ma haka ne. Kundin Billie Eilish na farko a ɗakin kwanan yayanta Finneas aka ɗauke shi, a gidan iyayensu a Los Angeles ta Amurka. A 2020 ya ci Grammy na kundin shekara, har da na ingancin ɗaukar sauti. Ƙwararru ne suka yi miksin da mastarin daga baya, amma sun samu abin gyarawa ne don an miƙa musu murya mai tsafta.

44/
Wasu za su ce "ai a waya ake ji, wa zai lura?" Ƙaramar sifikar waya tsinin sauti take fitarwa, kuma a nan fashewa ta fi fitowa. Sannan waƙar da ka yi yau ba ka san inda za ta kwana ba. Ranar da gidan rediyo ko mai fim ya nema, da wane ido za ka miƙa?

45/
Wasu kuma: "haka mutane ke so." Mutane waƙar suke so, shi ya sa suke jure sautin. Ɗora musu waƙar Kano ko Legas da aka ɗauka da kyau kusa da taka, ka ga wacce za su bari ta kai ƙarshe. A Audiomack da Boomplay layi ɗaya kuke da kowa, ba a yi wa ɗan unguwa ragi.

46/
LAIFI NA SHIDA, wanda ya fi ƙona min rai: fayil.
An gama aiki, a tura wa mawaƙi MP3 guda ɗaya ta WhatsApp, shi ke nan. MP3 matsattsen sauti ne, an zubar da wani ɓangarensa don ya yi sauƙin ɗauka. Mai lamba 128 ya fi sautin CD ƙanƙanta kusan sau 11. Na saurare ne, ba na ajiya ba.

47/
Daga nan mai bidiyo ya ɗora shi ya sake matsewa, TikTok ya sake matsewa, wani ya sauke ya tura wa wani. Kamar hoton hoton hoto. Asalin kuwa, wato WAV, murya ɗaya ta minti ɗaya a bit 24 da 48,000 ba ta kai megabait 9 ba. Filash ɗin da ke aljihunka zai ɗauki kundi guda. To me ya hana a bayar?

48/
Abin da ya hana, wani lokacin, riƙe wuya ne: in kana son gyara dole ka dawo wajena. Wani lokacin kuma sakaci ne. Ka dawo bayan wata shida a ce "ai an yi wa kwamfutar fomat" ko "hadis ɗin ya mutu." Muryar mutum amana ce a hannunka. Ajiya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce, a yi kwafi biyu aƙalla.

49/
Kuma me ke jawo yawan fomat ɗin? Manhajojin sata da ake cusa wa kwamfuta, fulogin ɗari biyu, wasu da ƙwayar cuta a cikinsu. Alhali Audacity kyauta ne. Reaper yana ba ka kwana 60 na gwaji, lasisinsa na ƙaramin mai sana'a dala 60. Mai kukan ana satar waƙarsa ya fara duba abin da ke cikin laftof ɗinsa.

50/
Mawaƙa, ku ma ba ku tsira ba. Ka zo ba ka haddace waƙarka ba, kana karantawa daga waya. Ka taho da abokai takwas suna hira a bayanka. Ka tsaya a kan furodusa kana "ƙara min, ƙara min, sa min eko." Ka biya kuɗin awa ɗaya kana son aikin kwana uku. In ya lalace kai ma da hannunka a ciki.

51/
Kafin ka biya ko sisi, yi waɗannan:
• Ka ce a nuna maka saun kad ɗin.
• Ka ce a ɗauki sakan goma na shiru, a ƙara sauti ka saurara.
• Ka rera baiti ɗaya, ka sa ido a kan jar fitila.
• Ka ji muryarka busasshiya, ba eko ba Auto-Tune.
Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba, daɗi ma zai ji.

52/
Sannan ku yi magana a kan fayil tun farko, a rubuce, ko a saƙon waya ne: za a ba ni WAV na waƙar, da muryata daban, da kiɗa daban. Ranar karɓa ka je da filash. In ta WhatsApp ne, a turo shi a matsayin dokumen don kada a taɓa shi. Ka ajiye kwafi a imel ko Google Drive.

53/
Akwai masu aiki da gaskiya a Rigasa, waɗanda ɗakinsu ƙarami ne amma kunnensu babba. Ku ne ya kamata ku fi kowa ɗaga murya, don masu kwaɓa suna karya muku farashi suna ɓata sunan unguwa. Ku ɗauki yara ku koya musu gein kafin ku koya musu fulogin.

54/
Furodusan da ya ga kansa a zaren nan, ba sai ka zage ni a kwament ba. Buɗe aikin da ka yi jiya, kashe duk fulogin, saurari muryar ita kaɗai da hedfon. In tana da tsafta, turo mu ji, ni zan fara yaɗa ta. In ba ta da shi, gobe da safe ka fara da murɗa gein ƙasa.

55/
Nan zan tsaya. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tara kuɗin shiga situdiyo, tun kafin ya biya. Mai tambaya a kan saitin saun kad ɗinsa ya ajiye ta a ƙasa tare da sunan na'urar da manhajar da yake amfani da ita, zan bi su ɗaya bayan ɗaya in sha Allah.